Gida ba biro ba ne: labarin masu neman ƙera allon saƙo na iyali

Fiye da shekara hamsin ke nan injiniyoyin Amurka da na Turai suna fafutukar ƙera wata na'ura wadda za ta riƙe saƙonnin gida, ta kuma tuna wa kowa aikin da ke kansa. An kashe dukiya mai yawa, an yi asara, kuma abin da aka gano daga ƙarshe ya shafi zaman iyali fiye da yadda ya shafi ƙarfe da waya.

A kowane gida, babba ko ƙarami, akwai wani irin aiki da ba a ganinsa sai ranar da aka manta da shi. Wa zai biya kuɗin wuta kafin a yanke? Wa zai kai yaro likita a yi masa allura? Wa aka gaya wa cewa baƙi na tafe ranar Asabar, shi kuma wa ya gaya wa? Idan komai ya tafi daidai, ba wanda ke godiya. Idan kuwa saƙo guda ya faɗi a hanya, sai a ji maigida na cewa ai ya faɗa, uwargida na cewa ba ita aka faɗa wa ba, yara kuma kowa ya sunkuyar da kai. Rigingimu da dama na cikin gida daga nan suke tasowa. Shi ya sa tun lokacin da kwamfuta ta fara shiga ma'aikatu, masu ƙira suka ɗauka cewa na'urar da ta iya tsara aikin biro ba za ta kasa tsara na gida ba. Tarihin wannan tunani yana da darasi ga duk mai iyali a wuyansa.

Kwamfuta a ɗakin girki

A shekara ta 1966, wani injiniyan kamfanin Westinghouse mai suna Jim Sutherland, mazaunin yankin Pittsburgh a Amurka, ya harhaɗa kwamfuta a gidansa da rarar kayan da kamfaninsu ya daina amfani da su. Ya sa mata suna ECHO IV. Nauyinta ya haura kilo 300, saboda haka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka ajiye ta, aka ja wayoyi zuwa ɗakin girki da sauran ɗakuna. An nufe ta da riƙe lissafin kuɗin gida, da jerin kayan cefane, da daidaita zafi da sanyin ɗakuna. Amma gidan da ke da irin wannan na'ura dole ne ya kasance da injiniya a ciki, domin in ta tsaya ba mai tayar da ita sai wanda ya ƙera ta.

Bayan shekara uku, a 1969, babban kantin Neiman Marcus ya sa wata kwamfutar ɗakin girki ta kamfanin Honeywell a cikin littafin tallan kayansa, a kan dalar Amurka 10.600, kuɗin da a zamanin ya isa sayen motoci fiye da guda. An ce za ta taimaki uwargida wajen zaɓen abin da za a dafa. An ma haɗa mata katakon yanka nama da albasa. Sai dai ba ta da allon da ake karanta rubutu a kai: da maɓallai ake ba ta umurni, ita kuma ta amsa da ƴan fitilu masu kamawa suna mutuwa, kuma sai mace ta yi sati biyu tana ɗaukar darasi kafin ta gane abin da fitilun ke nufi. Ba a samu shaidar cewa an sayar da ko guda ba.

Zuwan intanet ya sake tayar da wannan buri. A watan Oktoba na 2000 kamfanin 3Com ya fito da wata ƙaramar na'ura mai suna Audrey a kan dala 499, wadda aka yi domin a aza ta a ɗakin girki. Tana da kalandar iyali, ana iya rubuta saƙo da hannu a kan fuskarta ko a ɗauki murya a aika, kuma alƙalaminta yakan riƙa walƙiya idan wasiƙa ta shigo. Duk da haka ba ta cika shekara a kasuwa ba, kamfanin ya janye ta a 2001. A wannan zamanin ne kuma kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya fito da firigo mai haɗe da intanet, wanda tsadarsa ta hana shi shiga gidajen jama'a.

Cutar da ta kashe waɗannan na'urori guda ce. Masu ƙera su sun fara da abin da ƙarfe zai iya yi, sa'an nan suka shiga neman masa aiki a cikin gida.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Daga farkon shekarun 2000 wasu masu bincike suka juya al'amarin. Maimakon su zauna a biro suna zato, sai suka nemi izini suka shiga gidajen mutane, suka zauna suna kallon yadda iyali ke isar wa juna da saƙo ba tare da wata na'ura ba.

A jami'ar Nottingham ta Ingila, Andy Crabtree da Tom Rodden sun bi diddigin takardun da ke shigowa gida ta gidan waya. Sun lura cewa wurin da aka ajiye takarda shi ma saƙo ne. Takardar biyan kuɗi ana aza ta inda mai biya ba zai wuce bai gan ta ba. Katin gaisuwa ana jingine shi inda kowa zai gani. Takardar da aka gama da ita kuma tana da nata wurin. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma kowane ɗan gida ya san ta, baƙo kuwa ba zai ga komai ba sai tarin takardu.

Wasu biyu kuma, Alex Taylor da Laurel Swan, sun yi nazarin ƙofar firigo a gidajen Ingila, inda ake manna takardar makaranta da jerin cefane da hotunan yara da ɗan maganaɗisu. A cikin abin da suka wallafa a 2005 sun nuna cewa ƙarfin ƙofar firigo shi ne kowa na zuwa wurinta sau da yawa a yini, ko yana so ko ba ya so, kuma ba ta tilasta wa kowa wani tsari: kowace uwa tana shirya ta yadda ya dace da gidanta. Ashe gida bai taɓa rasa tsarin saƙo ba. Yana da nasa, wanda mutanen gidan suka gina a hankali, kuma na'urar da ta zo da niyyar rushe shi ita ce ke ƙarewa a cikin kwali.

Abin da ake kira samfurin gwaji

Daga kallo sai gwaji. A wajen masu ƙira, ba a zuba jari a masana'anta sai an fara yin abin da suke kira samfurin gwaji, wato kwatancin abin da ake so a ƙera, mai araha, wanda ba a jin zafin jefar da shi. Ɗan kasuwa ya san irin wannan: kafin ya yi odar kwantena, yakan kawo ƴan turame ya ga yadda kasuwa za ta karɓe su.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Jeff Hawkins, wanda ya tsara ƙaramar kwamfutar aljihu ta Palm da ta fito a 1996. Kafin a ƙera komai, ya yanki guntun katako daidai aljihun rigarsa, ya riƙa yawo da shi. Duk lokacin da aka sa masa ranar ganawa, sai ya ciro katakon ya yi kamar yana rubutawa. Ta haka ya gane ayyukan da mutum zai nema da gaske da waɗanda ƙawa ce kawai.

Masu tsara kayan iyali sun bi wannan hanya. Carman Neustaedter na jami'ar Calgary a Kanada da A. J. Brush ta sashen bincike na Microsoft, da suka so yin kalandar iyali mai suna LINC, da takarda suka fara. Sun zana fuskar na'urar a kan takarda, suka zauna da iyaye mata, kowace ta nuna yadda za ta rubuta ranar zuwa likita ko ta canja ranar taron makaranta, ana gyara zanen bisa abin da suka faɗa. Abin da ya fito, wanda aka gabatar a 2006, kalanda ce da ake rubutu a kanta da hannu, domin matan sun nuna cewa duk abin da ya fi kalandar bango wahala ba za su taɓa shi ba.

A Turai kuma, daga 2001 zuwa 2003, Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna interLiving, wanda ya haɗa masu bincike na Stockholm a Suwidin, da na cibiyar INRIA da jami'ar Paris-Sud a Faransa, cikinsu har da Wendy Mackay, da na jami'ar Maryland a Amurka. Dabararsu ita ce su kai wa iyali na'ura mai sauƙi ƙwarai, wadda da gangan ba a kammala ta ba, su bar ta makonni su ga abin da za a yi da ita. Ɗaya allo ne da ake rubuta ƴan takardu a kansa, rubutun ya bayyana nan take a gidan kakanni ko na ƴan'uwa. Ɗayar kuma kyamara ce mai ɗaukar hoto da kanta idan mutum ya tsaya cik a gabanta na ɗan lokaci, ta aika wa ɗaya gidan. Iyalan sun yi amfani da su wajen shirya al'amuransu, amma sun yi wasa da zane da barkwanci da su fiye da yadda masu binciken suka zata.

Saƙo zuwa ga wuri

Gwajin da ya fi fito da al'amarin fili shi ne wanda aka yi a cibiyar bincike ta Microsoft da ke Kambirij a Ingila, inda Abigail Sellen da Richard Harper da abokan aikinsu suka ƙera wata na'ura mai suna HomeNote. Kwamfuta ce mai siffar allo, an sa ta a cikin firam, an ba ta katin sim da lambar tarho tata ta kanta. Wanda ke waje yana aiko mata da SMS daga salularsa, rubutun ya fito ɓaro-ɓaro a kan allon. Wanda ke gida kuma yana iya ɗaukar alƙalaminta ya yi rubutu ko zane da hannu.

Sabon abin da ke ciki shi ne saƙon ba mutum ake aika wa ba, wuri ake aika wa. Wanda ya bugo wa matarsa tarho ya ce a ɗora tukunya, ita kaɗai ya ɗora wa nauyi. Wanda ya aika wa allon ɗakin girki kuwa, duk wanda ya fara wucewa shi ya gani, kuma sauran ƴan gida sun zama shaidu cewa an faɗa.

An kai na'urar gidaje biyar, kowanne ya riƙe ta kimanin wata guda, aka wallafa sakamakon a 2006. An samu saƙonnin neman a yi wani aiki, da na tunatarwa, da na isar da abin da wani ya bari, kamar yadda aka yi tsammani. Amma an samu wasu da yawa da ba su da wani aiki a ciki: mai sanar da cewa ya sauka lafiya domin hankalin gida ya kwanta, mai aiko da kalmar ƙauna kawai, da yara masu rubuta sunansu ko su yi zane a tsakiyar allon domin kowa ya san suna nan. An ƙera na'ura domin a raba aiki, iyali kuma suka mai da ita wurin nuna wa juna kulawa. Amfaninta ma ya bambanta daga gida zuwa gida, gwargwadon yadda zaman gidan yake tun kafin ta zo.

Tsakanin kulawa da sa ido

Wannan cibiyar ta sake ƙera wani abu mai siffar agogo, wanda maimakon lokaci yake nuna inda kowane ɗan gida yake. An samo dabarar daga wani agogon tatsuniya da ke cikin littattafan Harry Potter. Salular kowa tana gane inda take ta hanyar turakun sadarwa na kusa da ita, sai hoton mutum ya matsa a fuskar agogon. Da gangan masu ƙirar suka taƙaita bayanin zuwa wurare huɗu kacal: gida, wurin aiki, makaranta, ko wani wuri dabam. Kuma ba a iya kallon agogon sai a cikin gidan. A gwajin da aka yi da iyalai biyar, wanda aka wallafa a 2007, an ga cewa wannan ɗan bayani ya wadatar: uwa ta ɗaga kai ta ga ƴaƴanta na makaranta, mijinta na wurin aiki, hankalinta ya kwanta, ba tare da kowa ya ji an ɗaure shi ba.

Kasuwa ba ta bi wannan kunya ba. Manhajoji irin su Life360, wadda aka kafa kamfaninta a 2008, suna nuna titi da ƙofar da mutum yake tsaye, da saurin motarsa. Abin da aka yi domin kwanciyar hankali yana iya zama igiya a hannun miji mai zargi ko uba mai tsanani. Saboda haka babbar tambaya ga mai tsara irin wannan na'ura ita ce abin da ya kamata ta ɓoye, kafin a zo ga abin da za ta iya nunawa.

Wa ke ɗauke da nauyin tunawa?

Akwai wani abu da ya yi ta fitowa a cikin waɗannan bincike: a mafi yawan gidajen, mutum guda ne ke riƙe da kalanda da jerin ayyuka, kuma galibi uwa ce. Tun 1984 wata masaniyar zamantakewa ta Faransa, Monique Haicault, ta yi rubutu a kan abin da Faransawa ke kira «charge mentale», wato nauyin da ke kan ƙwaƙwalwar mace mai aiki a waje, wadda tana biro amma rabin hankalinta na lissafin gida. A 2017 wata mai zane da ake kira Emma ta yaɗa wannan magana da wani labarin zane da ya zagaye Faransa ya ƙetara waje. A 2019 kuma Allison Daminger ta jami'ar Harvard, bayan hira da ma'aurata 35, ta kasa wannan aiki kashi huɗu: hango buƙata tun ba ta zo ba, neman hanyoyin biyan ta, yanke shawara, da bin sawu har a ga an yi. Ta gano cewa mata ne suka fi ɗaukar hange da bin sawu, yanke shawara kuwa an fi raba shi tsakanin miji da mata.

Nan ne iyakar kowane allo. Yana iya nuna cewa ranar Talata za a biya kuɗin makaranta, amma sai wani ya tuna ya rubuta. In mai rubutawar ita ce wadda ta saba tunawa, to na'ura ta ƙara mata aiki na biyar, wato ciyar da na'ura. Kamfanin Samsung ya fito da firigo mai babban allo a ƙofarsa a 2016, manhajojin kalandar iyali kuma sun cika salula, amma ba ɗaya daga cikinsu da ke iya sa mutum ya ɗauki nauyin da bai yarda nasa ba ne.

Abin da ya shafi gidajen Nijar

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya cewa wannan damuwar Turawa ce. Amma ɗan kasuwar da ke kwana tsakanin Kano da Kwatanu, da ma'aikacin gwamnatin da aka tura Difa ko Agadas ya bar iyali a Yamai, kullum daga nesa suke tafiyar da gida. Kuma gidan Bahaushe yana da nasa tsari tun kafin a san waya: ranar girki tana zagayawa tsakanin matan gida kowa ya san tasa, kuɗin cefane na da lokacin bayarwa da hannun da ake danƙa wa, yaro shi ne ɗan aike tsakanin zaure da cikin gida, kuma akwai maganar da ba a aiko ta da yaro. A da, ƴan ci-rani a Abijan ko Libiya sukan ɗauki muryarsu a kaset su ba matafiyi, iyali su taru a saurara tare. Wannan ma saƙo ne zuwa ga wuri.

Tun da WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, kaset ɗin ya koma cikin salula, kuma wanda bai yi karatu ba ya samu bakin magana. Rubutun ma salula na iya taimaka masa: a shirin yaƙi da jahilci na ABC da aka gudanar a jihohin Doso da Damagaram daga 2009, wanda Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta yi nazarinsa tare da ƙungiyar Catholic Relief Services, manyan da aka koya wa amfani da salula sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Sai dai salula ta mutum guda ce. Saƙon da ya shiga ta uwargida, amarya ba ta ji ba; wanda aka jefa a zauren iyali na WhatsApp kuma yakan nutse a cikin gaisuwa da hotunan biki.

Duk matashin da ya tashi ƙera wa gidajen nan allon saƙo, tarihin da ya gabata ya riga ya share masa hanya. Ya fara da zama a tsakar gida yana kallo, ya tambayi matan da ke riƙe da lissafin, ya gwada da allo da alli kafin ya taɓa kwamfuta, ya ba murya fifiko a kan rubutu, ya tuna wuta na ɗaukewa, ya kuma san wa ya kamata ya ji me. Maigidan da ba shi da niyyar ƙera komai kuwa, yana iya yin gwaji mafi araha a daren yau: ya zauna ya rubuta duk abin da ake bukatar tunawa a gidansa cikin sati guda, sa'an nan ya duba a gaban kowanne sunan wanda ya saba tunawa da shi.